AA aka rubuta mata a takarda

Ga waɗanda ba su ga abin da na ɗora jiya ba, maganar jaririn ƙanwata ce da gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila, to sakamakon gwaji na biyu ya iso daga Kano. Uwar, wato ƙanwata, AS ce, tana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ta da ciwon. Mijin dama ya san shi AS ne tun yana makaranta. Yaron SS, sikila. Ita kuwa takardar da aka ba ta a ɗakin gwajin ƙauye kafin ɗaurin aure, da hatimi da sa hannu, AA aka rubuta a kai, wato ba ta ɗauke da ƙwayar sikila ko kaɗan. Wallahi tun safe na kasa sa komai a bakina.

Kada wanda ya zo mini da "ƙaddara ce". Na yi imani da ƙaddara. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma ƙanwata da mijinta sun ɗaure nasu. Sun je, sun biya kuɗi, an ɗebi jini. Igiyar da aka miƙa musu ce ruɓaɓɓiya.

Gwajin nan ba tsafi ba ne. Ana ɗiga jinin a wata 'yar takarda, a jiƙa ta da ruwan sinadari, a sakar mata lantarki, sai nau'in A ya yi gaba, S ya tsaya a baya, a ga layi biyu in mutum AS ne. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ko ruwan ya kwana biyu ana maimaita shi, layukan ba za su rabu sosai ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a sa jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe, a gwada su tare. In na gefen bai fito daidai ba, a zubar da aikin a sake. Kuma a tambayi mutum ko an yi masa ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce, domin jinin wani yana ɓoye nasa. Ƙanwata ta ce ba wanda ya tambaye ta komai.

Sakamakon ƙarya ya fi rashin gwaji illa. Wanda bai yi gwaji ba yana tafe da tsoro, zai iya sake nema. Wanda aka ba takardar ƙarya ya saki jiki, ya sa rana, ya yi lefe. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki fa.

A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure, na yi murna, har yanzu ina goyon baya. Amma liman takarda yake gani, ba ya ganin na'urar. Wa ke leƙa ɗakunan gwajin ƙauye? Akwai MLSCN, hukumar da doka ta ɗora wa rajistar masu gwaji da duba wuraren aikinsu. Ina so in ga ana aika wa kowane ɗakin gwaji jinin da hukuma ta san amsarsa, a ga me zai rubuto. Wanda ya faɗi, a dakatar da shi har ya gyara.

Za ku ce babu wuta, babu kuɗi. Sola da batir suna riƙe wannan na'urar. In ma babu, ka ce wa mutum ba ka iyawa, ka tura jinin birni. Wannan ba ya cin kuɗin da dare ɗaya na ciwon ƙashi yake ci a asibiti. Talauci ba ya sa hannunka ya rubuta abin da idonka bai gani ba.

Kuma tunda bakina ya buɗe, wannan "maleriya da taifot" da ake rubuta wa duk mai zazzaɓi fa? Gwajin Widal, wanda ake yi don gano taifot, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, yakan nuna taifot ga wanda ya warke tuntuni, har ma ga mai maleriya kawai. Mahaifiyata sau uku a daminar bana ana ɗora ta kan maganin taifot, har cikinta ya lalace da zawo.