Maslahar jama'a, amma a wuyan wa?

Babu gwamnatin da ke taɓa 'yancin mutum ta ce zalunci ta zo yi. Kullum da sunan maslahar jama'a take sallama, kuma wani lokaci da gaskiyarta.

A 1905 wani fasto, Henning Jacobson, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, saboda an ci shi tarar dala 5 don ya ƙi allurar rigakafin agana lokacin da cutar ta ɓarke a jihar Massachusetts. Ya ce jikinsa nasa ne. Kotu ta ce haka ne, amma agana ba ta tsayawa a jikin mutum ɗaya. Ina tare da kotu a nan. Ko John Stuart Mill, wanda ya shahara da kare 'yancin ɗaiɗaiku, tun 1859 ya yarda a taka wa mutum birki idan zai cutar da wani.

To, a 1927 kotun nan dai ta kafa hujja da shari'ar Jacobson ta halatta wa jihar Virginia yi wa wata matashiya, Carrie Buck, tiyatar hana haihuwa ba da yardarta ba, wai don kada ta haifa wa al'umma masu raunin hankali. Alƙalai takwas suka amince, ɗaya kacal ya ƙi. Mutum sama da 60,000 aka yi wa irin wannan tiyata a Amurka.

Hujja ɗaya ce, me ya raba su? A ganina, wanda nauyin ya faɗa wa. Dokar rigakafi ta hau kan manya baki ɗaya, mai kuɗi da talaka, har da waɗanda suka rubuta ta, kuma cutarwar da ake gudu a fili take. Ita kuwa Carrie, wa ta cuta? Baiwar Allah ce, talaka, an killace ta, kuma babu ɗan majalisar da ya taɓa fargabar dokar za ta iso gidansa. Duk dokar da masu yin ta suka san ba za ta shafe su ba, ina zarginta tun kafin in karanta ta.

Jihar Virginia ba ta nemi afuwa ba sai 2002. Carrie Buck ta rasu tun 1983.