Inji na biyu a jirgin ruwa: a jikin jirgi ake ɗaura shi, ba a ƙarƙashin kwandunan kifi ba

Mu nan Kumasi ba mu da teku, amma busasshen kifin da ke shiga miyarmu daga ruwa yake fitowa. Iyayenmu mata na Aboabo da Asawase suna bin hanyar Mampong da Ejura da Atebubu har Yeji, wasu kuma daga can su shiga jirgin katako mai inji su ratsa tafkin Volta zuwa ƙauyukan masunta. Saboda haka maganar injin jirgi maganar cikin gidanmu ce.

Kwanan baya gwaggona ta dawo daga irin wannan tafiya jikinta a sanyaye. Injinsu ya mutu a tsakiyar ruwa bayan la'asar, ga hadari yana haɗuwa. Matuƙin yana da wani ƙaramin inji, amma yana kwance a cikin jirgi, kwandunan kifi da buhunan gawayi a kansa. Da ƙyar aka tono shi, sai aka ga babu wurin maƙala shi sai an cire babban. Aka cire, aka ɗaura, ya tashi, ya yi tari biyu ya mutu, domin man da ya kashe na farkon shi aka ba shi. Ta ce da ni, "Ɗana, inji biyu gare mu, amma da filafili muka riƙa kokawa har Allah Ya kawo wani jirgi ya ja mu."

Wanda bai san Volta ba zai ce ai sai a zauna a jira taimako. Tafkin nan ya samu ne bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya haɗiye dazuzzuka da itatuwansu a tsaye. Kututturan suna nan har yau, wasu a fili, wasu ƙasa kaɗan da saman ruwa. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya jin tuƙi. Iska ce ke juya shi ya ba igiyar ruwa gefe, ta kuma tura shi inda ta ga dama. Kututturen da ya fasa farfela da rana, ɗan'uwansa ne zai fasa cikin jirgi da magariba.

Ra'ayina shi ne duk jirgin da ke ɗaukar fasinja da kaya ya kamata ya fita da inji na biyu a ɗaure, a shirye. Ba sai ya yi girman na farko ba. Inda babban yake Yamaha mai ƙarfin doki 40, wanda masu jiragenmu suka fi sabawa da shi, mai doki 15 zai kai ƙaramin jirgi gaɓa a hankali. Gudu ba shi ne abin nema ba, a samu dai jirgi ya fuskanci igiyar ruwa da goshinsa.

Ɗaurin ne ke buƙatar natsuwa. A yi masa mazauni nasa a gefe guda na bayan jirgi, da tazarar da idan an karkata babban inji hagu ko dama ba za su gogi juna ba. Katakon ya zama mai kauri, a huda a zura ƙusoshi masu noti su fita ta ciki, a sa musu faranti na ƙarfe don kada girgiza ta cinye itacen. Matsewar da ake yi da hannu tana sassautawa, don haka a ƙara masa sarƙa ko igiya mai ƙarfi. Inji irin wannan ya haura kilo 30, in ya suɓuce ya faɗa ruwa an yi sallama da shi. Sai tsawon ƙafar injin, wato ɓangaren da ke sauka cikin ruwa da farfela: akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20. Dole farfela da ramin shan ruwa su nutse sosai ko jirgi babu kaya, in ba haka ba farfela za ta riƙa kaɗa iska, inji kuma ya yi zafi ya ƙone. A ba shi tankinsa daban, da man da ba daga jarka ɗaya aka zuba ba. A kuma riƙa tayar da shi kafin kowace tafiya, domin man da ya daɗe a kafireto yakan daskare ya toshe hanya.

Na san amsar masu jirage: kuɗi. Gaskiyarsu ce, inji ba abin wasa ba ne, man firimis ɗin ma, wato fetur ɗin da aka gauraya da man inji don jiragen masunta, wani lokaci sai an yi layi. Amma mu ba baƙi ba ne a wannan ciniki. Hajiyoyinmu da yawa su ke ba masunta kuɗin mai da na taru tun kafin a kama kifi, a biya su da kaya daga baya. Wadda ta iya wannan, in suka haɗu su huɗu ko biyar da ke hawa jirgi ɗaya, za su iya tallafa wa matuƙinsu ya sayi ƙaramin inji, ko da na hannu ne, a riƙa cirewa daga kuɗin dako.

Hukumar kula da sufurin ruwa ta Ghana tana yawan jan kunne a kan rigar ceto da lodin da ya wuce kima, kuma hakan daidai ne. Ina roƙon ta ƙara wannan a cikin abin da ake dubawa a bakin ruwa. Kafin nan, na gaya wa gwaggona cewa in ta sake zuwa Yeji, kada a ɗora mata kwando ko ɗaya sai ta ce da matuƙi ya ja igiyar ƙaramin injin ta ji ƙararsa da kunnenta.