Juyen mai ba filta, rabin aiki ne a Damagaram

Kusan duk garejin da ka shiga a Damagaram, daga Sabon Gari har bakin Kasuwar Dole, in an zo juyen baƙin mai, sai ka ji bakanike na cewa game da filtar da ke tace man injin: "Alhaji, filtar nan da sauranta, a bar ta sai juye na gaba." Mai mota ya yi murmushi, an rage masa kashe kuɗi. Ni dai wannan lissafi bai taɓa kwanta mini ba, kuma zaman da nake yi a Liyon ta ƙasar Faransa ya ƙara mini ƙinsa.

A nan, motoci da yawa sai sun ci kilomita 15,000, wasu ma 30,000, ko shekara ta zagayo, kafin a juye musu baƙin mai. Wasu 'yan uwanmu in sun je hutu gida sai su riƙa faɗin wannan adadi a majalisa, har da cewa bakaniken gida cutar mutane suke yi da juyen kilomita 5,000. Sun manta abu biyu. Man da ake zubawa a nan haɗin masana'anta ne mai jure zafi, hanya kuma kwalta ce shimfiɗe, ba ƙura. Sannan a garejin da nake kai tawa, ba a ma tambayarka zancen filta: in an juye mai, da ita ake sauyawa, a rubuta kilomita da kwanan wata a littafin motar. Abin koyi ke nan a wurinsu. Adadin kuwa nasu ne, ba namu ba.

Ko littafin da kamfani ke haɗowa da mota yana ware abin da yake kira aiki mai tsanani: ƙura, zafi, gajerun tafiye-tafiye, kaya masu nauyi. A irin wannan hali yawanci raba tazarar ake yi biyu. To wanne ne babu a wurinmu? Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Hunturu ya zo da ƙurar da ke rufe gari har rana ta dushe. Hiace ta ɗauki mutane da buhuna ta nufi Tanut ko Magarya, Corolla kuma tana ta kai-komo tsakanin Birni da Zango, injin bai gama ɗumi ba an kashe shi. Yawancin motocin ma sun tsufa a Turai kafin su sauka tashar Kwatano ko Lome.

Duk wanda ya taɓa ganin an yanke tsohuwar filta ya san abin da nake nufi. Takarda ce a ciki, an nannaɗe ta ninki-ninki, ta koma baƙa ƙirin, in ka shafa yatsa sai ka ji ɓurɓushin ƙarfe da rairayi. Idan ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa mai sifirin da ke buɗewa don kada injin ya rasa mai. Daga nan mai zai ci gaba da zagayawa ba tare da an tace shi ba, kuma babu fitilar da za ta kama ta gaya maka. Mota na tafiya lafiya lau, ƙarafan ciki na cin juna. Ga kuma tsohon man da ke kwance a cikin gwangwanin filtar, wanda zai gauraya da sabon da ka saya da tsada tun tashin farko. Kamar ka sayi ruwan garuwa ne ka juye a randar da ba a wanke ba, mu 'yan Damagaram kuwa mun san darajar ruwa.

Wanke filta da fetur a mayar, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne. Fetur ba ya fitar da abin da ya nutse cikin takardar.

Na san za a ce da ni ina magana ne da kuɗin Turai a aljihu. Amma a duba: filta ba ta kai kuɗin galan ɗin mai ba, balle kuɗin sauke injin. Inda nake ba masu barin tsohuwar filta gaskiya shi ne jabu. Kasuwa cike take da filta mai kwali mai kyau da sunan babban kamfani, ciki kuwa takarda 'yar kaɗan. Mutumin da aka taɓa sayar wa irin wannan yana da hujjar riƙe tsohuwarsa ta asali. Shi ya sa nake gaya wa yayana, da ke tuƙa tsohuwar Hilux, ya riƙe mai shago ɗaya da ya amince da shi, ya ɗaga filtar ya ji nauyinta, ya tsaya a ɗaura ta a gabansa. A shafa wa robar bakin ɗan mai, a tabbata tsohuwar robar ba ta manne a jikin injin ba, a ɗaure da hannu. Ya sa a duba filtar iska ma, domin ta nan ƙurar hunturu ke fara shiga. Tun da agogon kilomitarsa ya daɗe da mutuwa, na ce ya riƙa rubuta ranar juyen da alƙalami a jikin filtar.