Kuɗin Laraba da kuɗin APEE: makarantar da muke ciyarwa amma ba ma leƙawa

Ranar Asabar ɗin da aka kira taron iyaye na ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, a makarantar firamaren unguwarmu a nan Garwa, arewacin Kamaru, aji ɗaya aka buɗe mana, shi ma bai cika ba. Makarantar da in an tashi yaranta sukan cika titi har 'yan acaba su rage gudu, ita ce iyayenta suka kasa cika bencinan ɗaki guda. Mafi yawan waɗanda suka zo mata ne, wasu da goyo. Mazan da muke sahu ɗaya da su a masallaci sun aiko da uzuri, wasu sun aiko da kuɗi. Darakta ya karanta lissafin bara da Faransanci, wani dattijo ya juya mana shi da Fulatanci, ba wanda ya ɗaga hannu, aka tashi.

Sati biyu bayan haka aka yi saukar karatu a makarantar allon da ke bayan gidanmu. Sai da aka aro tabarmi daga maƙwabta, mutane har bakin hanya. Iyayen nan dai su ne, yaran ma su ne, domin yaron da ke rataye da jaka da ƙarfe 7 da rabi na safe shi ne wanda ya wanke allonsa bayan asuba, kuma zai koma gaban malam da la'asar. Tun daga ranar abin yake ci mini rai. Mun iya riƙon makaranta, mun gada tun kaka da kakanni, amma ɗaya kawai muke riƙewa.

Dubi yadda muke yi da ta allo. Uba da ƙafarsa yake kai ɗansa, ya durƙusa ya gaida malam, ya ce ga amana. Duk Laraba yaro zai tafi da ɗan abin da ya sawwaƙa, kuɗin Laraba ke nan, ba rasit ba tilas, amma da wuya gida ya manta. In yaro ya kai wata sura a yi sadaka, in kaka ta yi a kai wa malam hatsi, da layya a aika masa da nama. Yaro ya yi fashin kwana biyu, malam zai turo babban almajiri ya tambayi lafiya, uba kuma zai ji kunya. A makarantar boko kuwa, wadda a nan muke cewa lekkol, da watan Satumba ya kama sai uba ya miƙa wa babban wa kuɗi ya ce, "Kai ƙanenka a rubuta shi." Daga nan ba za a sake ganinsa ba sai ko an koro yaron. Ka tambayi mutum sunan malamin ɗansa, ya ce maka "mushe", wato monsieur, yadda yara ke kiran malami da Faransanci. Mushe wane? Shiru.

Na san inda wannan nisa ya samo asali. A zamanin Faransawa kakanninmu da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi kada a kai su makarantar Nasara, kuma suna da dalilinsu a lokacin. Amma ko a wancan zamani akwai waɗanda suka haɗa biyun. Ahmadu Ahidjo, da aka haifa a garin nan a 1924, ya yi karatun allo, ya shiga firamaren gwamnati a Garwa kafin ya wuce Yaunde. Yau ba wanda ke ɓoye ɗa. Abin da ya rage mana daga wancan tsoro shi ne tunanin cewa makarantar ta gwamnati ce, namu kawai mu aika yaro.

Wannan tunani bai dace da abin da ke ƙasa ba. Gaskiya ne a shekarar 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, kuma gwamnati ta ɗauki alkawarin aika wa kowace makaranta ɗan kayan aiki, alli da rajista da makamantansu, abin da ake kira paquet minimum, wanda yanzu ta hannun magadan gari yake bi. Kowane darakta zai gaya maka kayan nan sukan makara, in sun zo kuma ba sa kai shekara. Babbar matsalar ma ta malamai ce. Jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, har da Gabas, gwamnati da kanta ta sa su cikin yankunan da ta ce za a fifita wajen ilimi, saboda ta san an bar su baya. Duk da haka malaman da take turowa ba su isa ba, wasu kuma in an turo su daga kudu, da sun samu hanya sai su nemi canji. To wa ke tsayawa gaban allo a ajin da ba a turo kowa ba? Malamin iyaye, wanda da Faransanci ake kira maître des parents. Ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, ita ke ɗaukarsa, ita ke biyansa daga kuɗin da ni da kai muke bayarwa a farkon shekara.

Ina so mai karatu ya ɗan tsaya a kan wannan bawan Allah. Da yawansu sun gama makarantar horon malamai ta ENIEG, suna riƙe da takardar shaidar malanta ta CAPIEMP, suna jiran ranar da gwamnati za ta ɗauke su. Abin da ake ba su a wata sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka ba, kuma ba kowane wata yake fitowa ba. Da zarar asusun ƙungiya ya bushe, wanda yakan faru tun kafin zafin Maris ya kankama, sai haƙuri. Da dogon hutu ba ko sisi. Wanda ke koyar da ɗiyata na gan shi da idona da daddare yana acaba a hanyar kasuwa, ya ja hularsa don kada in gane shi, ni ma na kawar da kai don kada in kunyata shi. Washegari da safe yana gaban yara fiye da yadda ɗakin zai ɗauka, na gaba a ƙasa, na baya huɗu-huɗu a benci, kwano ya ɗau zafi a kansu. Malamin allo in ya shiga irin wannan hali unguwa za ta sani kafin magariba, wani zai aiko da kwanon gero. Wannan kuwa mu muka ɗauke shi aiki, mu ne iyayen gidansa, amma ko gaisuwa ba ma zuwa.

Aikin da muka ɗora masa kuma ba ƙarami ba ne, musamman a ajin farko, SIL. Yaro ɗan shekara 6 ya taso yana Hausa a gida, yana Fulatanci a titi da kasuwa, bakinsa ya fara sabawa da Larabci a gaban malam. Ranar farko aka zaunar da shi, aka fara yi masa magana da yare na huɗu, wanda ba a taɓa yi masa ko faɗa da shi ba, kuma da wannan yaren ake so ya koyi karatu da ƙidaya a lokaci guda. Sai ka ji aji ya ɗauka da waƙa, ana maimaita abin da mushe ya faɗa da murya ɗaya kamar an iya, amma ka ware yaro ɗaya ka nuna masa harafi, ya zuba maka ido. Haka wasu ke wucewa aji biyu, CP, su shiga aji uku da huɗu, CE1 da CE2, suna kwafar abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu ba tare da sun san me suka rubuta ba. Tsarin mulkin 1996 ya ce ƙasa za ta kare harsunan gida ta bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 ta maimaita, an kuma gwada koyarwa da Fulatanci tare da Faransanci a wasu makarantu ƙarƙashin shirin ELAN. Amma wannan bai iso yawancin azuzuwa ba. Abin da ke ceton yara a yau shi ne malamin da ya taso a cikinmu, wanda in ya ga ido ya yi fari zai sauko ya yi bayani da Fulatanci ko Hausa, sannan ya koma Faransanci. Mafi yawan masu iya wannan malaman iyaye ne, 'ya'yan unguwa.

Na ji abin da wasu ke faɗa, kuma ban raina shi ba. Wani abokina ɗan kasuwa ya ce mini, "Alhaji, in muka ci gaba da biya, yaushe gwamnati za ta ji nauyi? An ce kyauta ne, kyautar ke nan?" Yana da gaskiya. Tsarin mulki ya ce karatun firamare tilas ne, kuma wanda ya tilasta shi ya kamata ya kawo malami da ɗaki. Ba daidai ba ne manomin auduga da ke jiran kuɗin kamfanin auduga na Sodecoton ya biya albashin malami, bayan ana karɓar haraji. Wani kuma ya ce kuɗin APEE ba a san inda suke shiga ba, shugaban ƙungiya da darakta su kaɗai suka san lissafi. Wannan ma yana faruwa a wasu wurare. Sai dai duka ƙorafin biyu maganinsu yana cikin ɗakin taron da muka ƙi shiga. Lissafin da aka karanta a gaban benci wayam, wa zai bincike shi? Takardar neman ƙarin malamai da za a kai wa sufeto ko magajin gari, in darakta shi kaɗai ya sa hannu, cikin durowa za ta kwana. In ta zo da hannun iyaye, da jauro, da liman, da fasto, da sarkin Hausawa, dole a karanta ta. Wanda ya biya kuɗi ya juya baya ya yi asara biyu: bai hana gwamnati sakaci ba, bai kuma san inda guminsa ya tafi ba.

Akwai abin da ba gwamnati ba ce ta hana mu, mu ne muka yi sakaci da shi: takardar haihuwa. Kowace shekara in an zo rubuta 'yan aji shida, CM2, don jarrabawar kammala firamare ta CEP da ta shiga sakandare, sai a tarar da yaran da suka yi shekara 6 suna zuwa aji ba su da ita, kuma ba a karɓar takardun yaro sai da ita. Dokar 2011 ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa. In aka bari lokaci ya ja sosai, sai an bi ta kotu, da shaidu, da kuɗi, da zirga-zirga, ko a jira ranar da alƙalai za su fito zaman tafi-da-gidanka. Mu da muke yanka rago ranar bakwai, mu tara dangi, mu raba goro, me zai hana a sa zuwa ofishin magajin gari cikin hidimar suna? Limamin da ya raɗa wa jariri suna in ya ƙara da tambayar, "An yi masa takarda?", da an rage hawayen da ake zubarwa a ofishin darakta.

Wanda bai taɓa shiga harabar makarantar nan da ƙarfe 10 ba ya yi asarar kallo. Ƙarƙashin darbejiya mata sun jera da ƙosai da makala, da dafaffiyar gyaɗa, da folere, wato zoɓo, mai sanyi a leda. Wata Inna da ta daɗe tana sayar da kunu a wurin ta fi rajistar makaranta sanin yara: ta san wanda ya fito gida bai karya ba, takan zuba masa ta ce uwarsa ta biya in ta samu. Ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani, ɗan Fali, ɗan Gidar, ɗan Mundang, ɗan Tupuri, da ɗan ma'aikacin da aka turo daga kudu, ƙwallo ɗaya suke bi, Musulmi da Kirista kofi ɗaya suke sha a bakin famfo. In bikin matasa na 11 ga Fabrairu ya matso, tare suke koyon maci cikin ƙurar hunturu. A garin nan ban san wani wuri da yaranmu ke cakuɗuwa haka kullum ba. Mun ga abin da ya faru a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, can a Arewa Mai Nisa, tun daga 2014, inda Boko Haram ta sa aka rufe makarantu a ƙauyukan bakin iyaka, yara suka watse. Mutanen can sun san darajar jin ƙarar ƙarfen makaranta da safe.

'Yan mata kuma nan ne zuwan iyaye ya fi amfani. A SIL suna da yawa, zuwa aji biyar, CM1, sai benci ya fara sauƙi: wata talla, wata raino, wata an fara maganar aure. Wata kuwa ba komai ya zaunar da ita gida ba illa makewayin makaranta da ba ƙofa. Ƙofa ɗaya da sakata, aikin kafinta na yini ɗaya ne, kuma a unguwarmu kafintoci sun fi biyar. Ba su sani ba ne, don ba su taɓa zagayawa bayan azuzuwan ba.

Bayan taron nan na koma wajen darakta na roƙe shi abu uku. A daina sa taro da safiyar Asabar lokacin da maza ke kasuwa, a mayar da shi bayan la'asar, kuma kada ya faɗa Lahadi, ranar da wasu ke coci wasu ke kasuwar Pitowa. A rubuta lissafin kuɗin APEE a kan allo, shiga da fita, da abin da ake bin mu na kowane malami, a fassara da Fulatanci da Hausa. Sannan a kira malaman iyaye su tsaya a gaba a faɗi sunayensu, mu san su. Ya amince da biyun farko nan take, na ukun ya ce sai ya tambaye su, don wasu za su ji nauyi. Na je wajen limamin masallacinmu, na ce, "Allah ya gafarta Malam, sanarwa nake roƙo bayan sallar Juma'a." Ya tambaye ni ko ta ɗaurin aure ce. Na ce ta makaranta ce. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in kawo masa ranar a rubuce, jikokinsa uku suna can.