Hajiya ba za ta ce ta gaji ba

Da ku nake, matasan ma'aurata da Allah ya ɗan buɗa wa har kuka fara tunanin ɗaukar iyaye ku fita da su hutu. Niyyar kyakkyawa ce, Allah ya ba da lada. Ni ma na yi, na kuma tafka kuskure a cikinta, irin wanda ba ka ganewa sai ka dawo gida ka kwanta.

Bayan Daular Larabawa ta sake buɗe wa 'yan Najeriya biza a 2024, jirgin Emirates kuma ya dawo Legas a watan Oktoba na shekarar, ni da maiɗakina muka fasa asusun da muka daɗe muna tarawa, muka ɗauki Baba da Hajiya zuwa Dubai na kwana shida. A unguwar Deira muka sauka. Kwana ukun farko ba laifi. Mun shiga kasuwar zinare, Hajiya ta yi ta taya abin da ba ta da niyyar saya, mun hau kwalekwalen abra da ake ƙetare ruwa da shi a kan dirhami ɗaya, da daddare kuma akwai wuraren 'yan Afirka da ake samun shinkafa da miyar da bakin tsofaffi zai karɓa.

Rana ta huɗu ita ce tawa. Tun kafin mu yi aure nake kallon bidiyon Formula Rossa a Ferrari World, wurin wasan nan da aka buɗe a tsibirin Yas na Abu Dhabi a 2010. Jirgin lilo ne da ke gudu a kan dogo, yana kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba ka tabarau ka sa don kada iska ko wani ƙwaro ya illata maka ido. A lokacin babu wanda ya kai shi gudu a duniya. Na sayi tikiti huɗu ta intanet, kowanne sama da dirhami 300. Ban shawarci kowa ba. Sanarwa kawai na yi bayan cin abincin dare: "Baba, gobe in Allah ya kai mu za mu je Abu Dhabi." Ya ce Allah ya kai mu. Hajiya ta ce duk yadda kuka yi daidai ne. Ni kuwa na ɗauki wannan amsar a matsayin murna.

To, da zarar mutum ya lissafa dirhami 300 sau huɗu ya mayar da shi naira, wani shaiɗani ne ke hawa kansa, sunansa "sai mun fanshe kuɗinmu". Shi ya tuƙa ni ranar. Na ɗauki taswirar wurin na yi wa kowane lilo alama da biro, na tsara wanda za mu fara da wanda za mu ƙare da shi.

Daga Deira zuwa Yas tafiyar sama da awa guda ce a mota. Muka ratsa ta cikin babban kantin da ke manne da wurin, doguwar tafiya a kan tayil mai santsi, ina gaba ina waiwayowa ina cewa a ɗan ɗaga ƙafa kafin layi ya cika. Wurin rufaffe ne, na'urar sanyi na busawa kamar tsakiyar hunturu, ga kiɗa, ga ƙarar injuna, ga ihun mutane daga sama. Na samu wani benci na zaunar da Hajiya, na jibge mata jakata da ta maiɗakina da ledar ruwa da rigar sanyin da na cire. Na ce, "Hajiya, yanzu za mu dawo."

Wanda ya taɓa bin layin irin waɗannan wurare ya san abin da "yanzu" take nufi. Hawan kansa minti ɗaya da rabi ne ko makamancin haka, amma jira shi ke cinye yinin. Muna saukowa na ce ai ga wani nan kusa, mu ƙarasa shi. Daga shi sai wani.

Da muka dawo, tana nan inda na bar ta. Ta zare takalmanta ta ajiye a gefe, igiyar takalmin ta bar shaida a bayan ƙafarta da ta kumbura. Ta naɗe gyalenta har wuya saboda sanyi, hannu ɗaya a kan jakunkunanmu kada wani ya ɗauka, ɗayan yana jan carbi. Na ce, "Hajiya, kin gaji ko?" Ba ta dube ni ba. Ta ce, "A'a. Ku je ku yi wasanku."

Wallahi da na koma. Maiɗakina ce ta ɗan taɓa ni ta yi ƙasa da murya: "Ka dubi ƙafar Hajiya kuwa?"

Ni ɗan fari ne. Tunda na buɗe ido Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "yaron nan". Matar da take jin nauyin furta sunanka ita ce za ta buɗe baki a gaban surukarta ta ce maka ƙafarta na ciwo, bayan ta ji ana maganar kuɗin da ka kashe? Ba za ta faɗa ba ko za ta kwana a kan bencin. Iyayenmu da kawaici aka raine su. "Ba komai" da "mun gode" da "ku je kawai" duk suna iya zama kuka. Aikinka ne ka iya karanta su, a fuska, a yanayin tafiya, a yawan neman wurin zama. In ka tsaya jiran sai an faɗa maka, to ka zaɓi kada ka sani ne, kuma zuciyarka ta san haka.

Sai kuma muka nemi Baba muka rasa. Gabana ya faɗi, domin yana da ciwon suga kuma tun shayin safe bai sa komai a cikinsa ba. Can muka hango shi a ɓangaren da aka jera tsofaffin motocin Ferrari, ya sunkuya yana leƙen wani inji, shi da wani ma'aikacin wurin suna hira da hannu, ba mai jin yaren wani. Baba shekara talatin ya yi yana jan tirela tsakanin Kano da Legas. Da safe mun wuce ta gaban motocin nan, na ga ya rage tafiya, na ce masa, "Baba, mu je, ma dawo." Ashe abu ɗaya tak da ya shiga ransa a duk wurin ke nan, ni kuma na ja shi na wuce da shi kamar yaron da ake hana tsayawa wajen mai alawa.

Yana ganina ya miƙe ya duba agogonsa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ina ake salla a nan?" La'asar ta kusa. Akwai ɗakin salla a wurin, da alamarsa a kan taswirar da ke aljihuna, wadda na yi wa kowane lilo zane na tsallake shi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Kada ku zaci maiɗakina ta more. Ita ma ranar a takure ta yi ta. Yarinyar da ba ta iya cin abinci sosai a gaban surukinta, ba ta iya dariya da ƙarfi, ba ta iya riƙe hannun mijinta, ita na ɗora a kan abin da dole sai ka yi ihu. Kuma irin waɗannan wurare suna ɗaukar hoton mutum yana tsakiyar gudu, su haska shi a allo a bakin fita don ya saya. Ga hotonta nan, baki buɗe, ɗankwali ya zame, tana addu'ar kada Allah ya sa Baba ya biyo ta nan. Har yau in na tuna mata sai ta rufe fuska. Tafiya biyu na cusa cikin ɗaya, ta amarci da ta biyayya, kowacce ta ɓata wa 'yar'uwarta.

Mun haddace aya ta 23 a Suratul Isra'i tun muna Islamiyya, wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Abin da ban taɓa tsayawa a kansa ba shi ne ayar ta ambaci lokacin da tsufa ya riske su a wurinka, wato suna hannunka. Ina tsoho ya fi zama a hannun ɗansa fiye da ƙasar da bai san hanya ba, bai jin yaren ba, kuɗinta ba ya aljihunsa, fasfonsa ma yana jakarka? A gida in ya gaji da kai sai ya tashi ya tafi majalisa. A can ko banɗaki sai ka nuna masa. Kuma "uf" ba sai da baki ake yin ta ba. Waiwayen nan da nake yi ina duba agogo ita ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci liman ya sassauta salla saboda a bayansa akwai mai rauni da mara lafiya da tsoho. In salla ma ana sassauta ta don tsoho, ina ga lilo?

Akwai wanda ya fi nawa muni, kuma yana yawa a waya yanzu. Za ka ga an lallaɓi dattijuwa an ɗora ta a kan abin da ke juya mutum sama da ƙasa, tana salati tana kiran sunan 'ya'yanta, ɗanta na gefe yana ɗauka yana ƙyaƙyata dariya, kafin magariba duniya ta gani. Ku ji tsoron Allah. A ƙofar kowane irin wannan lilo akwai allon gargaɗi ga masu ciwon zuciya da hawan jini da ciwon baya ko wuya da masu juna biyu. Ba ado ba ne. Dattijai nawa ne a gidajenmu ba sa shan maganin hawan jini? Ko da jikin ya ɗauka, firgicin uwarka ba abin nishaɗantar da mabiyanka ba ne.

Ban ce a bar iyaye a ɗakin otal suna kallon bango ba, wannan ma wani wulaƙancin ne. Ban kuma ce ku yanke musu hukuncin ba za su ji daɗin komai ba. Bayan mun yi salla Baba ya ci abinci, shi da kansa ya nuna wasu 'yan motoci da ke tafiya a hankali tsakanin ƙananan gine-ginen Italiya, ya hau, ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya kamar yana kan hanyar Lokoja. Abin da nake cewa shi ne ku tambaya, kuma ku iya tambayar. "Za ku je?" ba tambaya ba ce, amsarta a shirye take. Ka nuna musu bidiyon wurin, ka faɗi gaskiyar yawan tafiyar ƙafa da sanyi da hayaniya, ka ajiye wani zaɓi a gefe, kuma kada ka ambaci kuɗi. In kai ake jin nauyi, tura autarku ta bugo waya ta jiyo maka. In lilon ne a ranka, ware rana ɗaya kai da matarka, bayan kun tabbatar tsofaffi sun ci sun sha magani sun san yadda za su same ku. Za su fi son haka, su ma suna bukatar hutawa da ku. Haka abin yake in iyayenta ne kuka ɗauko, har ma ya fi, don surukinka ba zai taɓa ce maka ka rage sauri ba.

Washegari ba mu je ko'ina ba. Maiɗakina ta samo ruwan ɗumi ta gasa wa Hajiya ƙafa ta shafa mata man zafi, na ji su suna hira ƙasa-ƙasa, hirar da ba a yi da ni. A nan ta jiyo cewa tun a gida wata maƙwabciya ta ba Hajiya labarin masallacin Sheikh Zayed, kuma tunda na ce Abu Dhabi ta zaci can za mu. Mun je garin mun dawo ba ta ce uffan ba.

Rana ta ƙarshe muka sake ɗaukar hanyar. Masallacin an buɗe shi a 2007, yana da ƙubba 82, shiga kyauta ne sai dai a yi rajista. Daga inda ake ajiye mota zuwa ciki akwai nisa, don haka na nemo keken turawa. Hajiya ta ce ita ba gurguwa ba ce. Maiɗakina ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ai ko a Harami tura manya ake yi wajen ɗawafi." Ta yi shiru, ta gyara gyale, ta zauna. Ni na tura. Duk inda ta ɗaga hannu sai in tsaya. Ta daɗe a gaban kafet ɗin babban zauren, wanda da hannu aka saƙa shi, tana tambayar mutum nawa suka yi aikin, kuma yaya suka yi da bayansu.

Yanzu in baƙi suka zo mata, labarin masallacin take bayarwa, da kwalekwalen dirhami ɗaya, da tsadar zinare. Baba kuma hoton injin nan yake nuna wa tsofaffin abokan aikinsa a waya. Wata rana ina zaune wata ƙanwarta ta tambaye ta wurin wasan da aka ce mun kai su. Hajiya ta ce, "Eh, mun je. Yara sun yi wasa." Sai ta miƙa mata goro.