Daga Cardiff na hango Ƙofar Mata

Shekarata takwas a Birmingham, amma sai da ɗana ya matsa mini lamba kafin na yarda na je kallon zari-ruga. Shi a makaranta ya koyi wasan, ni kuwa a ƙwallon ƙafa na buɗe ido. Muka sayi tikitin karawar Wales da Scotland a gasar ƙasashe shida da ake yi duk shekara tsakanin Fabrairu da Maris, wadda ta haɗa su da Ingila, Faransa, Italiya da Ireland. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka hau jirgin ƙasa, ni da shi da mahaifiyarsa. Tafiyar kamar awa biyu ce zuwa Cardiff, babban birnin Wales, inda za a yi wasan.

Abin da ya fara kama ni shi ne mazaunin filin. Yana tsakiyar gari, a bakin kogin Taff, kana fitowa daga tashar jirgi ga shi a gabanka. An buɗe shi a 1999 don gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, yana cin mutum kusan 74,000, kuma rufinsa ana buɗewa ana rufewa. Ranar wasa akan hana motoci bin titunan da ke kewaye da shi, sai gari ya koma hannun masu tafiya a ƙasa. Daga ƙofar filin zuwa tsohuwar fadar Cardiff 'yan mintuna ne, saboda haka da safen Asabar can muka fara. Akwai ragowar ganuwar Rumawa a jikinta, akwai hasumiyar Normawa a kan tudu, akwai kuma wani ɗaki da suke kira ɗakin Larabawa, wanda aka yi wa rufinsa ado da ruwan zinariya. Mahaifiyar yaran ta daɗe tana ɗaga kai ba ta ce komai ba.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa in akwai mai yi maka bayani. Mutum goma sha biyar kowane ɓangare, minti 80, ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu sai baya ko gefe, wanda ya dangwara ta bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5. “Baba, kalli yadda suke magana da alƙalin wasa,” in ji ɗana. Ƙarti ne majiya ƙarfi, amma kyaftin ne ke zuwa ya yi magana cikin ladabi, sauran su ja da baya. 'Yan kallo kuma ba a raba su. Kusa da mu wasu 'yan Scotland ne sanye da siket ɗinsu na gargajiya, zaune cikin jajayen riguna, ba mai harara. Da aka rera taken Wales da harshensu, rufi a rufe, tsikar jikina ta tashi duk da ban san kalma ko ɗaya ba.

To a nan ne Kano ta faɗo mini a rai, kuma har yau ba ta bar ni ba. Filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata yake. A wannan 1999 ɗin ya karɓi wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta matasa ta duniya, a 2000 kuma na kofin Afirka. Gab da shi ga marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ka ɗan ƙara gaba ga Gidan Makama, ga fadar Sarki, ga kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, ga Dala tana kallon gari. Wallahi abin da ke kewaye da wannan fili bai gaza na Cardiff ba. Amma sau nawa na je kallon Pillars ina saurayi, ban taɓa leƙa karofin nan ba? Muna shiga, a tashi, kowa ya kama gabansa kafin magariba. Baƙon da ya zo daga Jos ko Katsina haka zai juya a daren, bai kwana ba, bai sayi ko hula ba.

Mutanen Cardiff sun gane cewa minti 80 ne ke kawo baƙo, amma kwana biyun da zai yi su ne ke ciyar da mai masauki, mai abinci da mai shago. Mu ma mun san wannan, sai dai mun keɓe shi ga Sallah. Hawan Daushe yana cika Kano da baƙi, har UNESCO ta sa hawan cikin al'adun duniya a 2024. A Nijar, garin da ya karɓi kokawar takobi yakan yi kwanaki yana ciniki. Me zai hana a yi wa wasan lig na ƙarshen mako irin wannan shiri, a samu matasa masu zagayawa da baƙi, a tsare hanya yadda mutum zai zo da iyalinsa hankali kwance?

Ba komai nasu nake so mu ɗauka ba. Giya ta yi yawa a harkar. Ana tashi daga wasa titin St Mary ya zama wurin da ba zan bi da matata da ɗana ba, dole muka sulale da wuri. Kuɗin masauki ma yakan yi tashin gwauron zabi a irin wannan mako. Taron da ba barasa, mai tsire da mai fura a bakin hanya, wannan namu ne, kuma ya fi.

Ranar Lahadi muka gangara bakin teku, inda a da ake lodin kwal zuwa ƙasashen duniya. Jiragen kwal ɗin ne suka kawo ma'aikatan jirgi 'yan Yaman da Somaliya, jikokinsu suna nan a unguwar Butetown da masallatansu. A can muka yi azahar. A jirgin komawa ɗana ya tambaye ni ko Kano ma tana da ganuwa. Na ce tana da ita, kuma in Allah ya kai mu hutun bana zan kai shi kallon Pillars, amma da sassafe za mu fita, mu fara ta marina.