Kafin A Yi Mana Alkawarin Lantarki Daga Ruwan Zafi, A Faɗa Mana Abin Da Ke Cikin Ruwan

Tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu, shawarwari ke ta yawo a Birnin Kebbi. Makon jiya wani saƙon murya ya zagaya wayoyinmu, mai maganar yana rantsuwa cewa ƙarƙashin ƙasarmu cike yake da ruwan zafi, a haƙa kawai a juya injin da tururinsa kamar yadda Kenya ke yi. Ya rufe da cewa, "Ruwa ne fa zalla, ba hayaƙi, ba guba." Wannan kalma ta "zalla" ita ce ta tsaya mini a wuya, musamman da na ji masu ilimi suna maimaita ta a majalisa bayan sallar isha'i.

Kenya dai ta fara samun wuta a Olkaria, kusa da tafkin Naivasha, a 1981, domin wurin yana kan tsagar ƙasa mai duwatsun aman wuta, inda zafin ruwan rijiyoyin ke haura digiri 200. A mafi yawan sassan duniya kuwa, zafi na ƙaruwa ne da digiri 25 zuwa 30 a duk kilomita ɗaya da aka nutsa. Ruwan Wikki na Yankari da ake ta misali da shi bai wuce kusan digiri 31 ba. Na wanka ne.

Amma a ce ma an haƙa da zurfi an tarar da zafin. Me ruwan zai ɗauko mana? Yawancin Kebbi na zaune ne a kan kwarin Sakkwato, shimfiɗar yashi da laka da suka taru tun zamanin da teku ya rufe yankin. Cikin wannan laka akwai ragowar itatuwa da ƙananan halittu da suka mutu shekaru miliyoyi, har da ɗanyen kwal a shimfiɗar Gwandu. Zafin ƙasa yana dafa wannan ragowa a hankali, ruwan da ya daɗe kwance a cikinta kuma yana tsotse abin da ya narke, kamar yadda romo ke ɗaukar ɗanɗanon ƙashi. A ƙasashen da suka haƙa irin wannan ƙasa, ruwan kan fito da iskar metan, wadda ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu kuma take kamawa da wuta. Yakan zo da tsami irin na ruwan khal. Wani lokaci har da benzin, sinadarin nan na cikin fetur da aka tabbatar yana jawo sankarar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 0.01 a litar ruwan sha. Ban da gishiri da gubar asanik da ruwan zafi ke narkarwa daga duwatsu.

Ko injin ɗin kansa bai tsira ba. Akwai ƙwayoyin halitta da ke cin wannan tsami su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita kuma ta ci bututun ƙarfe. Na san warin nan. A ƙauyen kawuna akwai rijiyar burtsatse da ruwanta ke fitowa da ɗumi da wannan wari, matan gida sai sun bar shi ya kwana a randa kafin a sha, bahon da suke tara shi kuma ya yi ja da tsatsa. Na tambayi kawu ko an taɓa kai ruwan gwaji, ya ce, "Ɗana, wa zai kai? Mun gode Allah da muka samu ma." Duba kuma gindin butar mai shayi, ka ga farin ƙanzon da ya daskare a ciki. Irinsa ne ke toshe bututun tashoshin nan idan ruwan ya huce, gyaransa kuma ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.

Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a sake yi mana wannan wasa ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Dutsen zinariya aka kawo cikin gida ana daka shi a turmi, ba wanda ya auna abin da ke tare da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To yau kuma ga masu son a fito da ruwa daga zurfin kilomitoci, ba tare da sun ce uffan ba kan inda za a zubar da shi bayan ya gama aiki. Tashoshin kirki suna haƙa rijiya ta biyu su mayar da shi inda ya fito. Wanda ke son rage kuɗi, kwata zai sake shi, kwatar kuma fadama ta nufa, inda shinkafar Argungu da Suru take.

Masu cewa a manta da batun kwata-kwata tunda muna da rana sun huta da tunani ne kawai. Ni ba na adawa da haƙa. Muna da Jami'ar Tarayya a nan Birnin Kebbi, ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. A ba su kuɗi su bi rijiyoyi masu zurfi da ake da su, su auna zafinsu da abin da ke cikinsu, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa. Ina roƙon su fara da rijiyar ƙauyen kawuna, domin jikokinsa daga ita suke sha kullum.